Karen Ƙanƙara a Zafin Minna: Haƙƙin da ke Wuyan Mai Saye

 

A watan Maris da ya wuce, lokacin da zafin Minna ya kai inda mutum ke kwana a tsakar gida yana fifita da kwali, wani dattijo abokin kasuwancinmu ya tsayar da mu a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i. Ɗansa na biye da shi, kansa a sunkuye. Yaron ya ga hoton wani kwikwiyo a waya, fari da toka-toka, idanunsa shuɗaye kamar na 'yar tsana. Mai sayarwa yana Abuja. Suka yi ciniki ta waya, yaro ya tura kuɗin da ya daɗe yana tarawa daga gyaran wayoyi, kuɗin da a ƙiyasin ubansa zai sayi ragon layya mai kyau har a yi canji. Aka sa kwikwiyo a kwali, aka ba direba, ya biyo hanyar Suleja da tsakar rana, aka karɓe shi a tasha. Kwana uku ya fara amai, ya koma zawo da jini. Likitan dabbobi ya duba bakinsa ya ce wannan bai wuce mako biyar da haihuwa ba, alhali an ce wa yaron mako takwas. Katin allurar da aka haɗo da shi kuma babu hatimin likita ko ɗaya. A kwana na tara ya mutu. Lambar mai sayarwa tun daga ranar ba ta sake shiga ba.

Uban ya ce, "Malam, kuɗin nan ya halatta ga mutumin? Kuma akwai hanyar da za a bi a karɓo?" Yaron kuwa da ya buɗe baki sai ya ce, "Baba Liman, ni wani nake so in sake saye, amma a wurin mutumin kirki. Ta yaya zan gane shi?"

Tambayar uba mai sauƙi ce. Wanda ya ɓoye aibin kaya ya yi ƙarya a kan shekarunsa ya ci haram, kuma a fiƙihunmu mai saye yana da damar mayar da kayan da ya tarar da aibi a cikinsa. Samo mutumin ne aiki. Tambayar yaron ce ta hana mu barci, domin a cikinta akwai wata da duk mu ukun ba mu yi ba a daren: ran nan da ya fita cikin wahala, a wuyan wa yake? Mai sayarwa kaɗai, ko har da wanda ya tura kuɗi bai tambayi komai ba?

Mu fara da sanin dabbar tukuna. Karen da yaranmu ke kira haski asalinsa na mutanen Cukci ne da ke can ƙuryar arewa maso gabashin Sibiriya ta ƙasar Rasha. Babban ɗan uwansa, malamut, ya samo sunansa daga wata ƙabila ta Alaska, kuma namijinsa kan kai kilo 38 ko fiye. Aikin da aka yi kiwonsu dominsa shi ne jan keken katako mara taya a kan ƙanƙara, a ƙasar da ruwa ke daskarewa a kofi. A shekarar 1925 cutar mashaƙo ta ɓarke a garin Nom na Alaska cikin tsakiyar hunturu, jirgin ruwa ba ya iya shiga. Mutum 20 da karnuka wajen 150 suka yi ta miƙa wa juna maganin, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, suka kai cikin kwana biyar da rabi. Irin wannan dabba ce. Allah Ya yi mata gashi ninki biyu, na ciki mai laushi kamar auduga, na waje mai tsawo, Ya kuma sa mata son gudu da son zama cikin 'yan uwa.

To, kare ba ya zufa a jiki kamar mu. Da haki yake sanyaya kansa. Ku ɗauki mai wannan bargo da ba ya cirewa, ku sa shi a kejin ƙarfe a bayan gida, ƙarƙashin kwano, a garin da zafin bazara ke kaiwa maki 40. Masu sayarwa za su ce ai sai a sa shi a ɗaki mai na'urar sanyi. Mu da madatsar Shiroro ke bayan gidanmu mun san sau nawa ake ɗauke wuta a yini, mun kuma san kuɗin man janareto. Wani abin dariya kuma, yawancin masu sayensa cewa suke don gadi ne. Masana karnuka sun yi ittifaƙi cewa haski ba mai gadi ba ne. Yana son mutane, baƙo da ɗan gida duk ɗaya ne a wurinsa, bai cika haushi ba, sai dai kuka mai tsawo da dare wanda ke hana maƙwabta barci. Ɓarawo zai iya shafa kansa ya wuce.

Wannan ya kawo mu ƙofa ta farko, wato bukata. Addininmu bai mayar da kare abin ƙyama da za a jefa da dutse duk inda aka gan shi ba. Alƙur'ani ya ambaci karen mutanen kogo a Suratul Kahfi, ya kuma halatta abin da dabbar farauta mai horo ta kamo a Suratul Ma'ida. A mazhabar Imam Malik kare mai rai ba najasa ba ne. Amma hadisai ingantattu sun nuna cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa na raguwa kullum. Malamai da yawa sun haɗa gadin gida a cikin abin da aka yarda idan akwai tsoro na gaske. Masu sharhin Risala sun kawo labarin mai littafin kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan wanda ya rasu a shekarar 996 miladiyya, cewa da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro ya ajiye kare, aka yi masa magana, ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da ya ajiye abin da ya fi kare. Mu da muke jin abin da ke faruwa a Shiroro da Munya da Rafi, muke kuma ganin rikicin 'yan daba a cikin gari, ba za mu zargi wanda ya nemi kare don tsaro ba.

Kuɗin kare kuwa malamai sun saɓa. Risala ta kawo hani a kan sayar da shi, ta kuma ambaci saɓani game da wanda aka yi izinin ajiyewa. Sahnun cikin manyan Malikawa ya halatta, haka Imam Abu Hanifa, Imam Shafi'i ya hana. Ko a wurin waɗanda suka halatta, amfanin dabbar ne ya halatta kuɗinta. Saboda haka wanda zai sayi karen da ba ya gadi, ba ya farauta, ba ya kiwo, don kawai a ɗauki hoto a ce wane ya waye, ya tambayi kansa a wace ƙofa ya shiga. Mun gaya wa yaron haka ba tare da kwana-kwana ba.

Sai dai mun san halin zamani. Wani zai ji wa'azi ya wuce ya saya, wani kuma bukatarsa ta gaskiya ce, babban kare yake nema na gadin gona ko gidan kaji a bayan Bosso ko hanyar Bida. Ga waɗannan akwai ƙofa ta biyu: a hannun wa za ka saya?

Mu 'yan kasuwa ne, jikokin waɗanda suka biyo layin dogo suka sauka a ƙasar Gwari da goro da gishiri da shanu. Babu ɗayanmu da zai sayi ragon layya bai buɗe bakinsa ya ga haƙori ba, bai taɓa bayansa ba, bai sa an ja shi ya ga tafiyarsa ba. Tun muna yara aka koya mana ba a cinikin biri a sama. Abin mamaki, 'ya'yan waɗannan mutane ne yau ke tura dubban nairori a kan hoto. Shari'a ta hana cinikin da ke da duhu a cikinsa don ta tsare dukiyar mai saye. A cinikin dabba duhun nan yana cutar da wani na uku wanda ba shi da bakin kai ƙara.

Ku duba yadda mugun mai kiwo ke samun riba. Yana ajiye karya a keji, duk lokacin da ta nemi barbara sai a haɗa ta, ba hutu, har jikinta ya ƙare. Yana haɗa uba da 'ya ko wa da ƙanwa, saboda sayen namiji daga wani gida kuɗi ne, shi ya sa ake samun 'ya'ya masu ciwon ƙugu da ciwon ido da ba sa bayyana sai sun girma. Yana raba kwikwiyo da uwarsa tun yana mako huɗu ko biyar, domin kowace rana da ya ƙara a gidansa abinci ne da allura, kuma ƙarami ya fi kyau a hoto. Allurar rigakafi da maganin tsutsa yana tsallake su ya rubuta kati da hannunsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tsimin kuɗi ne a wurinsa, azaba ce a wurin dabba. Kuma duk wannan sana'a a tsaye take a kan abu guda: akwai mai saye da ba ya tambaya. Ranar da masu saye suka fara cewa sai sun ga uwar, rabin waɗannan mutane za su canza sana'a.

Wani zai ce, "Malam, zunubin mai sayarwa ai nasa ne, ni da kuɗina na saya." Haka mai sayen kayan sata ke cewa, kuma duk mun san abin da unguwa ke kiransa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Alƙur'ani ya hana mu taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka, kuma babu taimakon da ya kai kuɗi a hannu. Gaskiya ne wanda aka yaudara bai yi daidai da wanda ya yaudara ba. Yaron nan bai yi niyyar cutar da komai ba, har kuka ya yi da kwikwiyon ya mutu. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya bincika aka rufe masa ido da wanda ya ƙi bincike don kada ya ji abin da zai hana shi abin da ransa ke so. Na farko yana da uzuri. Na biyu ya ɗauki kasonsa.

Wani kuma mai taushin zuciya zai ce, "Na je na ga halin da suke ciki, tausayi ya sa na sayi ɗaya don in cece shi." Wannan ta fi wuya, kuma ba za mu ce niyyar ba ta da lada ba. Amma mu yi lissafi irin na kasuwa. Ka ceci ɗaya, ka bar uwar a keji, ka kuma ba mai kejin jarin da zai sake haɗa ta. Shi bai san tausayi ka saya ko sha'awa ba, abin da ya sani kaya sun fita. Idan tausayin ne da gaske, ka fita ba ka saya ba, ka gaya wa duk wanda ka sani kada ya je, ka sanar da ofishin likitocin dabbobi na gwamnati.

To yaya ake gane mutumin kirki a wannan sana'a? Alamarsa ta farko ba ya gudun a zo gidansa. Zai nuna maka uwar tare da 'ya'yanta a inda suke kwana, ka ga ko wurin da tsabta da inuwa da ruwa, ka ga ko uwar tana da ƙiba da natsuwa ko kuwa ƙashin haƙarƙarinta a waje tana ɓuya idan ta ga mutum. Wanda ya ce mu haɗu a gidan mai ko zan ba direba, akwai abin da ba ya so ka gani. Ba ya sakin kwikwiyo kafin mako takwas, ko ka ƙara masa kuɗi, domin a waɗannan makonni ne yake shan nono yana koyon zama da 'yan uwansa. Yana da katin allura mai suna da hatimin likitan da za ka iya zuwa ka tambaya. Allurar farko ana yin ta ne tsakanin mako shida zuwa takwas, ta haukan kare kuma idan ya kai wata uku. Yana faɗa maka aibin jinsin da bakinsa tun kafin ka tambaya, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai hatsin da ruwa ya taɓa ya fito da jiƙaƙƙen sama inda mai saye zai gani. Yana yarda idan ka kasa riƙewa ka dawo masa da shi maimakon ka yar a bola.

Babbar alama kuwa, shi ma yana yi maka tambayoyi. Ina za ka ajiye shi? Wa zai kula da shi idan ka yi tafiya? Akwai yara a gidan? Me kake samu da za ka ciyar da dabba mai cin nama shekara goma ko fiye? Mutumin da zai iya kallon kuɗinka ya ce a'a, gidanka bai dace ba, shi ne wanda ya kamata ka saya a wurinsa. Kuma idan ka ce masa haski kake so ka kai Minna ka sa a keji, mai gaskiya zai ce maka ka sake shawara. Turawan da suka fi mu son karnuka sun sha wannan matsala har sai da Ingila ta yi doka a shekarar 2020 da ta hana dillalai da shaguna sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba. Dole mai saye ya je wurin wanda ya yi kiwon ko gidan da ake tara waɗanda aka yasar. Abin da suka mayar doka, mu tarbiyyar kasuwarmu ta riga ta koya mana.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, wanda a unguwa irin tamu ba ƙaramin abu ba ne. Gidajenmu a manne suke, lungunanmu cike da yara da almajirai masu shiga gida-gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Allurar da ke tsare kare daga wannan ciwo ana yin ta har a nan gida, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato, wadda take aiki tun 1924. Wanda ya karɓi katin bogi ya yarda da shi, da ran 'ya'yan maƙwabta ya yi caca. Idan kuwa tsautsayi ya sa kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran ganin abin da zai faru.

Mun san akwai mai karanta wannan yana cewa, mutane na kwana da yunwa Malam ya zauna yana rubutu a kan kare. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ita ma hujja ce a kan mai sayen kare don ado: naman da zai ba shi a wata ya isa miyar gidan marayu. Amma addinin da ya ce mu ciyar da maraya shi ne ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Shi ne ya ba mu labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa da takalminsa. A cikin Sunan Abu Dawud akwai labarin sahabban da suka ɗauke wa tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, Annabi ya ga tana ta shawagi cikin damuwa, ya umarce su su mayar mata. Wanda ya karanta wannan ba zai ga raba kwikwiyo ɗan mako biyar da uwarsa a matsayin ƙaramin abu ba. Tausayi ba buhun hatsi ba ne da zai ƙare idan an ɗiba wa dabba. Yaron da ya saba ganin ana azabtar da abin da ba ya iya magana, gobe shi ne zai raina kukan wanda ya fi ƙarfi.

Kuma mu tuna muna da namu. Karen gida da muke rainawa, mai gajeren gashi da tsayayyun kunnuwa, shi mafarautanmu ke shiga daji da shi, shi ke bin Fulani da garke. Ya saba da rana, ya fi jure kaska da cututtukan ƙasarmu, abin da aka ci a gida ya ishe shi, kuma motsi kaɗan da dare zai tada unguwa. Buzaye suna da nasu dogon kare na yankin Azawak a Nijar da Mali, wanda Turawa ke ɗauka su kai ƙasarsu suna alfahari da shi. Idan gadi ne bukata, sau da yawa amsar tana bayan gida, sai dai shi ma yana da haƙƙin allura da abinci da inuwa da ruwa kamar na waje.

Mun ce wa yaron ya je ya yi istigfari a kan sakacin farko, ya bar maganar haski. Idan ubansa ya ga gidansu na bukatar mai gadi, ya je da ƙafarsa tare da wani babba, ya ga uwa, ya ƙirga makonni, ya kai katin wurin likita kafin ya biya ko kwabo. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba Liman, to idan na je na ga wurin babu kyau amma kwikwiyon ya shiga raina fa?" Muka ce masa a nan ne jarrabawar take, kuma juyawa da kuɗinka a aljihu ibada ce. Ubansa ya ce shi dai har yanzu kuɗin na yi masa ciwo. Muka ce Allah Ya mayar da alheri, Alhaji, amma ka gode da darasin ya tsaya a kan kuɗi da kwikwiyo, bai kai ga cizon ɗan maƙwabci ba.

Allah Ya sa mu zama masu tsoronSa a cikin abin da muke saya da abin da muke sayarwa, Ya yafe mana haƙƙin bayinSa masu magana da marasa magana.